Allurar da Ba Ta Huda Kowa

Tun ranar da na sauko daga kar, babbar motar fasinja, a tashar Tawa bakina bai huta ba. A kasuwa tambaya, a gidan suna tambaya, har a layin famfo sai wata ta ja mini gefen zane ta ce, "Tamo, yaya ƙasar Turawa? Yaushe likitarmu za ta iso?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa in ya ɗauki labarin sai ya ƙara mishi gishiri kafin ya kai gaba. Madam Zali, wadda ta koya muna karatu a ajin manya lokacin da furfura ta riga ta fara fito mini, ita ta ce in zauna in rubuta tunda hannun ya iya. To ga shi. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata, kada ta sake tare ni a hanya.

Ɗiyata ta fari na je gani. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili. Ta Goggo zan kira ta, yadda na saba. Da anka yaye ta, Goggo Dije, yayar marigayi mijina, ta ɗauke ta zuwa Bambeye, ita ta goya ta, ita ta sa ta lakkwal, makarantar boko. Ni da yarinyar ga ba mu taɓa zama munka yi hira ba. Ni da ake tsoron bakina daga kasuwar Tawa har Takanamat inda nake saro nonon cuku, in ta shigo ɗaki sai in tuna ina da aiki a waje. Haka munka tarar ana yi da ɗan fari, haka na yi. Saboda haka da karatu ya kai ta Yamai, daga can ya wuce da ita Faransa, Goggo take kira a waya, Goggo ta hau mota ta kawo mini labari. Kunnen Goggo kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, rabin magana yake kamawa. Abin da ya iso gare ni shi ne: yarinya aikin allura take yi, kuma ta kusa zama dokta.

Ku faɗa mini, wa zai ji allura, ya ji dokta, ya tuna wani abu ban da asibiti? Na gina ɗaki a bakin gidana mai kallon titi, na sa anka yi mishi siminti da farin fenti, har benci na sa kafinta ya buga don masu jiran layi. Unguwa duka ta san ɗakin likita ne. Sai ga Goggo wata rana da sabon labari, wai yarinya ta gama, amma mutanen can sun ce ta ƙara shekara biyu, ita ma tana so, izinina kawai take jira. Na ce ba a yi ba. Marasa lafiyar can sun fi namu ciwo ne? Na ce a gaya mata ta aiko mini da takardun tafiya, da ƙafata zan je in taho da ita.

Ranar tashi gidana ya cika. Habsu maƙwabciyata ta kwaye zane ta nuna mini gwiwarta, ta ce in duba da kyau don in iya kwatanta wa likita. Malam Idi mai shayi ya ce idonshi na hagu. Wata ta ce jini, wata ta ce haihuwa. Na ɗauke su duka a ka. A waliza kuma, akwatin tafiyata, na zuba cuku mai kyau na hannuna, da kilishi, da kuka, da daddawa, da garin gero.

A cikin kar na samu zama kusa da wani tsohon ma'aikaci ɗan fansho, da hular sanyi da gilashi, wanda ya taɓa zuwa Faransa tun ina budurwa. Daga Tawa har Ƙonni nasiha yake mini. Kada in gai da wanda ban sani ba, kada in taya kaya, kada in ɗaga murya. Na ce, "Alhaji, in an cire waɗanga uku, mi ya rage nawa da zan kai can?" Ya yi fushi da ni har Dogon Dutsi, inda munka sauka salla na sai mishi tsire munka shirya.

A Yamai na sauka gidan Sani, ɗan yayana, malamin lakkwal. Nan na fara haɗuwa da injin Turawa. Wurin biza sunka ce in ɗora yatsuna bisa wani gilashi mai haske. Na ɗora, inji ya ƙi. Na goge a zane na sake ɗorawa, ya ƙi. Ashe lallen da anka ƙunsa mini na tafiya, wanda Habsu ta zauna ta yi wa ado kamar na amarya, shi ya rufe zanen yatsun. Sai da na yi zaman jira a gidan Sani ina wanke-wanke da wankin kayan gida duka don lallen ya fita. Matarshi har yau tana tambaya yaushe zan sake neman biza.

Jirgi dai ba abin faɗi da yawa. An ɗaure ni da kujera, an kawo abinci a ƴan akwatuna kamar na wasan yara, kunnena ya toshe na zama Goggo. Abin da Allah Ya yi mini shi ne maƙwabciyar kujera, Hajiya Rabi ƴar Maraɗi, mai zuwa ganin jikoki, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Ta ce, "Ke Ba'adara, hira kike ko kiran shanu? Har direban jirgi ya ji gwiwar Habsun nan." Na ce gara ya ji, ko ya san magani.

Ita ta cece ni a bakin iyaka. Ɗan sandan da ke cikin akwatin gilashi ya duba fasfo, ya duba ni, ya tambayi wurin wa na zo. Na ce ɗiyata. Ya ce mi ne sunanta. Na nuna mishi takarda. Ya ce ya gani, da bakina yake so ya ji. Na ce wa Hajiya ta gaya mishi ba na iyawa. Sai mutumin ya gyara zama, fuskarshi ta sauya, wai wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗiyarta ba. Hajiya ta yi ta bayani, layi na ta tsawo a bayanmu. Da na ga abin zai lalace sai na ce a ba ni biro. Na rubuta sunan a bayan tikiti, harafi bayan harafi, yadda Madam Zali ta koya muna, na tura mishi ban duba ba. Ya karanta, ya girgiza kai, ya buga hatimi. Madam, in kina karantawa, wannan ladarki ce.

Gaba kaɗan sai ga ɗan duwan, mai binciken kaya, da kare. Kare, jama'a, da rigar aiki! Ya zo ya kafa hanci a walizata ya zauna. Sunka buɗe, sunka ware kuka da daddawa da gero gefe, sunka ce nama da cuku ba su shiga ƙasar. Na ce ina za a kai su? Sunka ce zubarwa. Na ce ba dai cukuna ba. Na ja walizar gefe na zauna a kanta, na ce Hajiya bisimilla. Munka ci kilishi har haƙorana sunka yi tsami, na miƙa wa ɗan duwan ɗin ya ƙi, amma na ga maƙogwaronshi ya motsa. Abin da ya gagare mu na bar musu, ban yafe ba.

A wurin tarba, Turawa ta ko'ina suna rungumar juna suna sumbata kamar an yi shekara goma ana yaƙi. Ta Goggo na hango ta tsaye can baya, ta rame, ta sa wata rigar sanyi mai kumburi kamar katifa. Ta iso ta durƙusa a bisa dandamalin nan mai ƙyalli ta ce, "Inna, sannu da hanya." Na dubi walizata na ce, "Yawwa. Goggonki na gaishe ki." Mutane sunka tsaya kallo, wata har ta matso ko faɗuwa yarinyar ta yi.

Jirgin ƙasa ya kai mu garinsu, wani gari a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi da farar ƙanƙara a kai. Ɗakinta kuwa, in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango. Nan gado, nan murhu, nan makewayi, duka ƙofa ɗaya. Na ce rumbuna ya fi wannan fili. Ta bar mini gadon ta shimfiɗa a ƙasa. Ku tuna mutum biyu ne masu kunyar juna a wurin da ba wajen da za a fita. In ta dubi taga, ni in dubi ƙofa.

Mutanen gidan benen ba su gaisuwa, Alhajin kar bai yi ƙarya ba. Akwai wata tsohuwa a ƙasanmu mai ƙaramin kare da take sa wa riga. Na ɗaura niyya a kanta. Duk safiya in tare matakala in ce "Bonjur madam, ina kwana, ina gajiya, yaya ɗan naki?" Da farko matsewa take da bango. Kafin in taho ita ke fara ɗaga mini hannu. Abinci kuma burodi, burodi, burodi. Da yarinyar ta ji labarin cukuna sai ta kai ni shagon nasu don ta huce mini. Ni da na tsufa cikin sana'ar ga, na tarar da cukun da ya yi kore, ya yi gashi, yana wari tun daga ƙofa, an jera shi cikin gilashi an sa mishi fitila. Wanda ni zan zuba wa kaji a ɓoye don kada a ce daga hannuna ya fito. Kuma ƙasar da ta hana nawa shiga ke nan.

Da na huta, wata safiya bayan mun karya, na juya fuskata wajen bango na fara sauke saƙo. Na ce a gaya wa likita gwiwar Habsu ta kumbura ta nan gefe, in ta durƙusa tana ƙara. Ban kai ga idon Malam Idi ba na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Inna, ni ba likita ba ce."

"Mi kika ce?"

"Ban yi karatun likita ba."

"Doktan fa?"

"Doktan karatu ne. Duk wanda ya kai ƙarshen bincike a fanninshi haka ake ce mishi."

"To allurar fa? Ko ita ma Goggo ta ƙaga?"

"Akwai allura. Amma ba ta huda mutum."

"Mi take hudawa?"

"Ba ta huda komi, Inna. Ko taɓawa ba ta yi. In ta taɓa, aiki ya ɓaci."

Ranar na manta da bango. Na ce shekara nawa kina nan riƙe da allurar da ba ta ɗinki, ba ta magani? Na gina ɗaki, na buga benci, na ɗauko gwiwar mutane a ka na ƙetaro teku da ita! Ta ce ta sha gaya wa Goggo, Goggo ta ce ta gane. Na ce haɗa kayanki, in allura kike so akwai teloli a Tawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, kanta a ƙasa, "Ki zo ki gani tukuna. In kin gani kin ce in haɗa, wallahi zan haɗa." Na ce mu je, ido ba ya ƙarewa don kallo ɗaya.

Wurin aikin nasu labo suke ce mishi. Shugabarsu wata tsohuwa ce siririya mai gajeren gashi, bisa keke ta zo, da wandon da ko mai gadi ba zan ba shi ba. Na ɗauka mai shara ce sai da na ga kowa na kauce mata. Ta riƙe hannuna da nata biyu, yarinyar na fassara. Tsohuwar ta fara kai ni wani tebur, ta sa wani baƙin abu kamar ƙwayar magani babba cikin kwano, ta zuba mishi ruwa mai hayaƙi wanda sanyinshi ke ƙuna. Sai ta ɗauko ɗan maganaɗisu ta sake shi a kai. Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska yana juyi. Na yi a'uzubillahi, na zare gefen kallabina na ratsa ta ƙarƙashi, na ratsa ta sama, ko da zare. Babu.

Sunan baƙin abin ya fi ƙarfin harshena, sufurakondukta ko mi. Ga yadda ta Goggo ta warware mini. Ta ce, "Inna, kin san wayar wuta tana zafi in an daɗe ana aiki da ita? Wutar ce ke gajiya a hanya, wani kashi na ɓacewa. To irin wanga dutse, in ya yi sanyi sosai, wuta na bi ta cikinshi ba gajiya, ba zafi, ba abin da ke raguwa." Ta ce wuta wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa ke ɗauke da ita, elektoron, kuma halinsu ba su son juna, kowa ture ɗan'uwanshi yake. Amma a cikin sanyin nan sai su kama tafiya biyu-biyu, in sun yi biyu-biyu ba abin da ke tare su. Akwai irin na da, wanda an san abin da ke haɗa su. Irin wanda take bincike kuwa ya saɓa wa waccan ƙa'ida, biyu-biyun suna nan, amma ba a san mi ke riƙe da su ba.

Na ce, "Ba wanda ya sani? Har tsohuwar ga?"

Ta tambaye ta. Tsohuwar ta buɗe hannu tana dariya ta ce ba ta sani ba. Wannan Faransancin ban nemi fassara ba. Na yi mamaki ƙwarai. A wurinmu ban taɓa ganin babba ya ce bai sani ba a gaban na ƙasa da shi, kuma yana murna.

Daga nan munka sauka ƙarƙashin ƙasa. Anka sa mini leda a takalmi, anka ce in taka a hankali, in yi magana a hankali. Ɗaki ne a cikin ɗaki, ƙofarshi kauri kamar an lulluɓe ta da katifa. Tsohuwar ta ɗan tura ƙofar don in leƙa. Wata babbar tukunyar ƙarfe ce da wayoyi ko'ina, zaune bisa dutsen siminti, shi kuma dutsen bisa ƙafafun iska, don ko mota ta wuce a titi kada girgiza ta iso. A can cikin tukunyar, inda anka zuƙe iska duka anka saukar da sanyi har kusa da ƙarshen sanyi, nan allurar take, da ɗan ɓallin dutsen da bai kai ƙwayar wake ba. Ta Goggo ta nuna mini wata allurar a akwati, ƴar waya ce siririya, ta ce bakinta ya yi tsinin da zarra ɗaya ce a ƙarshe, wato ƴar mitsitsiyar ƙwayar da ido ba ya gani. Ana matso da ita kusa da fuskar dutsen, kusa ƙwarai, amma a bar ɗan tsakani. Sai wuta ta riƙa tsallake tsakanin nan. In allura ta matsa kaɗan wutar ta ƙaru, in ta ja baya ta ragu. Da haka take bin fuskar dutsen layi-layi tana gane tudu da kwari.

Na ce, "Kamar in kara tafin hannu bisa kasko in san zafinshi ban taɓa ba."

Ta ce, "Haka, Inna. Haka ɗin nan."

Sai ta juya mini allon inji. Hoto ne yake fitowa daga sama zuwa ƙasa a hankali, ƴan ƙwayoyi a jere reras kamar an shanya gero ɗaya bayan ɗaya. Ta ce zarrar dutsen ke nan, kowace ƙwaya ɗaya. A tsakiya akwai wani baƙin ɗigo, inda wata baƙuwar zarra ta shiga, kewaye da shi kuma zobe-zobe kamar an jefa tsakuwa a tabkin Tabalak. Ta ce zoben ga su take nema, daga fasalinsu ake karanta yadda biyu-biyun nan ke riƙe da juna. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta ta yi magana mai tsawo. Yarinyar ta ƙi fassarawa, sai da tsohuwar ta matsa. Wai an yi makonni ana gyaran allurar da sanyin kafin a samu wannan, kuma a kan irin wanga dutse ba wanda ya taɓa ganin zoben ga a duniya. Ɗiyarki ce ta fari.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna kawai na ji a hanci, na rangaɗa guɗa. Irin ta Takanamat, wadda ake ji daga rijiya. Kuma ƙofar nan mai katifa tana buɗe saboda ni.

A allon sai fararen layuka sunka tsaga hoton, geron ya watse. Yarinyar ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na haife ta.

"Inna! Yi shiru!"

Ta daka wani maɓalli, ta ruga ta tura ƙofar. Ni kuwa na yi shiru. Ku da kunka san ni, ku nemo wanda ya taɓa sa ni haka a Tawa.

Tsohuwar ta ja ni waje ta zaunar da ni a benci, ta kawo mini kafe mai ɗaci kamar maɗaci. Da hannu da guntun Faransancina na gane abin da ake tsoro. In girgizar ta sa allura ta caki dutsen, tsininta ya tafi, kuma mai yiwuwa sai an ɗumama tukunyar, a sake wata, a koma farko. Makonnin nan duka a banza. Ita dai tsohuwar dariya na cin ta tana dannewa, har tana kama hancinta tana gwada yadda na yi.

Ta gilashi nake hangen ta Goggo. Ta cije leɓe, ta ƙura wa allo ido, hannunta na tafiya a hankali kamar mai zare ƙaya. Wani abokin aikinta ya matso zai yi magana, ta ɗaga mishi yatsa ɗaya ba ta ko waiwaya ba, ya koma da baya. Na san yatsan nan. Shi nake ɗaga wa mutane in ina juya cuku a tabarma, randa iska ke neman ɓata mini shanya. Duk shekarun ga ina cewa halin Goggo ta ɗauko.

An daɗe. Allurar takan sauka ne kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana saurare. Can sai layi na farko ya fito, sai na biyu, ƙwayoyin sunka dawo a jerensu, ɗigon da zobenshi na nan inda suke. Ba ta caka ba. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka. Wata guɗar ta taso mini, na cusa kallabi a baki.

Da munka koma ɗaki ta durƙusa za ta ba ni haƙuri. Na ce, "Tashi. Da ni ce, har zagi sai na haɗa." Sannan na tambaye ta abin da ke cina. Na ce wanga abu, zai kai wuta Takanamat? Ta ce, "Ban sani ba, Inna. In an gane abin da ke haɗa su, wataƙila a iya yin irin da ba ya buƙatar sanyi, wuta ta yi tafiya mai nisa ba ta ragu ba. Wataƙila kuma ba a zamaninmu ba. Irin na da ana aiki da shi a injin hoton cikin jiki a manyan asibitoci. Nawa kuwa, yau dai ba ya warkar da kowa. Ba zan yi miki ƙarya ba." Na so ta yi mini ƙaryar, da na samu abin kai wa Habsu. Har kwanakina sunka ƙare ban sake ta da maganar haɗa kaya ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Na dai ga walizarta a bisa kabad, ta sauko da ita ta goge ƙura ta ajiye a bakin gado, tana jira.

Sai a tashar jirgin ƙasa, ranar komawata, ta ce, "Inna, to yaya?"

Na ce, "Mai da walizar inda take."

Ta ce, "Ɗakin da kika gina fa?"

"Ɗakina ne, ba naki ba, ni na san abin da zan yi da shi. Amma da sharaɗi. Randa kika gano abin da ke haɗa ƴan biyu-biyun nan, ni za ki fara gaya wa. Da bakinki, da Hausa, a wayata. Na gama karɓar labarinki daga kunnen Goggo."

"In ban gano ba fa?"

"Sai ki kira ki ce ba ki gano ba. Tsohuwarku ma ta faɗa ba ta mutu ba."

To ga amsarku, masu tambaya. Ba likita ba ce, ba ta zuwa bana, ba ta zuwa baɗi, kuma ni na ce ta zauna. Goggo ta yi fushi da ta ji wai kunnenta anka ba laifi, ta ce waya ce ba ta da kyau, na bar ta a haka.

Juma'ar da ta wuce ina tsakar gida ina tankaɗe wayata ta yi ƙara, lambar waje. Na ɗauka. Munka yi shiru, ni shiru ita shiru, kuɗin waya na tafiya, don ba wadda ta san yadda ake farawa. Can ta ce, "Inna, ban gano ba tukuna."

Na ce, "Madalla. Kin ci abinci?"